Jiki Magayi, Ban da Na Kakana

Aikina na farko a duniya riƙon fitila ne. Ban wuce shekara bakwai ba aka ɗora mini shi, ban kuma sauka ba sai da na tafi makarantar kwana. In an ci tuwon dare an kwashe kwanuka, kakata Iya takan shimfiɗa tabarmar kaba a ƙofar ɗaki, ta kawo ruwan ɗumi a tsohuwar ƙwarya da ɗan man gyaɗa a gwangwani, sannan ta ɗaga murya: “Maigida ƙarami, ina fitilar?” Kakana Baba Tsoho ya miƙo ƙafafunsa bisa cinyarta. Ta jiƙa su, ta goge kaushin, sai ta bi tafin da ɗan yatsa tun daga dunduniya har inda yatsun suka ƙare, a hankali, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Ni kuwa ina tsugune, ina kai fitilar ƙwai duk inda ta nuna mini da haɓa.

Wani dare ta tsaya cak, ta ce in matso. Ta zaro allura daga gefen ɗankwalinta, ta yi ta tono, sai ga ƙayar kurungu mai tsawon gaɓar yatsa ta fito da baƙin jini. Tun la'asar ya taka ta a bakin kogi, ya tako a kanta har gida, ya ci tuwo, ya yi hira, bai san tana nan ba. Da ƙayar ta fito, Iya ce ta ce, “Wash!” Shi kuwa ya leƙa tafin hannunta ya yi dariya, ya ce, “Ashe da baƙuwa na shigo gida.”

Hausawa sun ce jiki magayi, har wani ɗan Wusasa, John Tafida, da Rupert East suka sa wa littafinsu na 1934 wannan suna. To jikin kakana ya daina gaya masa komai. Abin da mutane ba su gane ba game da kuturta ke nan. Ana zaton cinye yatsu take yi, ko ta kakkaɓe su kamar 'ya'yan kanya. Ƙwayar cutar, wadda likita Hansen ya fara gani a Bergen ta ƙasar Norwe a 1873, jijiyoyin da ke kai saƙon zafi take kashewa. In saƙo ya yanke, mutum ya sauke tukunya daga murhu da hannu bai sani ba, igiyar koma ta yanke shi bai sani ba, ɓera ya gaigaye masa yatsa yana barci. Miki ya zama gyambo, gyambo ya kai ga ƙashi, ƙashi ya zaizaye. Wani likitan mishan a Vellore ta Indiya, Paul Brand, ya yi suna a duniya saboda ya tabbatar da haka wajen shekarun 1950. Iya ba ta taɓa jin sunansa ba, amma karatun nan ta haddace shi a kan tabarmar kaba. Ma'aikatan lafiya na yanzu ba sa son a ce kuturu, sai dai mai lalurar kuturta, kuma sun yi gaskiya. Sai dai shi Baba Tsoho kuturu yake kiran kansa, ba ya ko ƙifta ido, don haka a yi mini afuwa in na ari bakinsa.

In na ce ni Bahaɗeje ne kuma Kirista, akan sake dubana sama da ƙasa, a tambaye ni ko iyayena daga kudancin Zazzau suka zo, ko ma'aikatan reluwe ne. Ba na jin haushi, tambayar tana da dalili. Kiristocin da aka saba gani a ƙasar Haɗeja baƙi ne da cinikin gyaɗa da aikin gwamnati suka kawo, musamman bayan layin dogo daga Kano ya ratsa Malam Madori ya isa Nguru a 1930. 'Yan ƙasa kuwa, Hausawa da Fulani da Mangawa da Badawa, Musulmi ne kaka da kakanni. Ga kuma ranar 25 ga Afrilu 1906, da sojojin Ingila suka fasa garin suka kashe Sarki Muhammadu, wanda har gobe Mai Shahada ake ce masa. A bakin tsofaffin Haɗeja kalma ɗaya ce, Nasara, ta haɗa wanda ya harba igwa a ganuwa da wanda yake karanta Linjila. Wanda duk ya bi addinin Nasara a ƙasar da ke da irin wannan tabo, ba riba ya hango ba.

Bishara ma a ƙasar Hausa da kaburbura ta fara. Cikin samari uku da suka sauka Ikko a ƙarshen 1893, waɗanda ƙungiyar SIM ta samo asali daga tafiyarsu, biyu ba su ga ƙarshen 1894 ba: Walter Gowans ya mutu a Girku, Thomas Kent a Bida, Rowland Bingham kaɗai ya koma. A 1900 Bishop Tugwell na CMS ya isa Kano da jama'arsa, Sarki Alu ya ce su fice, suka koma Girku, can suka binne ɗaya daga cikinsu, Dudley Ryder. Da Turawan mulki suka ci ƙasar, Lugga ya yi wa sarakuna alkawari a 1903 cewa ba za a taɓa addininsu ba, aka rufe wa 'yan mishan ƙofar masarautu, in ban da Likita Miller da ya sami zama cikin birnin Zariya a 1905. Ƙauyen Kiristocin Hausawa na farko, Gimi, wanda zuriyar Isawa suka kafa bayan sun sadu da Miller a 1913, ciwon barci ne ya tashe shi. Ƙudan tsando ya yi musu ɗauki ɗai-ɗai, 'yan tsirarun da suka rage aka kwashe su Zariya, daga baya Wusasa. Ina ɗan makaranta nakan ji kunyar wannan tarihi, duk mutuwa da kora. Yanzu da furfura ta fito mini, shi ne ɓangaren da na fi yarda da shi.

Ƙofar da aka rufe, kuturta ce ta buɗe ta. A shekarun 1930 cutar ta yi katutu a Arewa, gwamnati ba ta da likitocin da za su ji da ita, baitulmalin En'e ba ya son ɗaukar nauyin shi kaɗai, 'yan mishan kuwa suna da ma'aikatan jinya da ke neman hanyar shiga. Sai aka yi ciniki. Wajen 1937, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero da Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, aka danƙa wa SIM sansanonin kutare na larduna: Yadakunya a kusa da Kano, Babbar Ruga a Katsina, Amanawa a Sakkwato, tare da sharuɗɗa kan wa'azi, musamman ga yara. Wasu ƙungiyoyin suna da nasu a Garkiɗa da Molai ta Maiduguri da Zariya. A duba sunan nan Yadakunya. Wanda ya raɗa shi ya san cewa kafin a yi maganin fata sai an yi na fuska. A ƙasarmu ma daga baya mishan ta kafa tasha a Garun Gabas, tsohon garin nan da ake cewa shi ne Biram ta cikin Hausa Bakwai. Da kwalbar magani da bandeji ta shigo, Littafi yana biye.

An haifi Baba Tsoho shekarar yunwar Kakalaba, wato wajen 1914, a wani ƙauyen masunta da ke gabas da Haɗeja, inda kogi yake rarrabuwa ya bazu cikin fadamu. Su yake yi da gora: ya kwanta rub-da-ciki a kan ƙatuwar gora, ya tura da ƙafa, homa a hannu. Yana da mata da 'ya ɗaya sa'ad da wani ɗan fili mai haske ya fito masa a kafaɗa. Aka ce ƙyasfi ne. Wanzami ne ya fara ganewa. Ya zo yi masa ƙaho, ya tsaga wurin da aska, ya ga mutum bai ko motsa ba. Ya sake tsagawa. Sai ya goge askarsa, ya naɗe zabirarsa, ya ce ya tuna wani uzuri a gida. An sha rubutu, an sha sassaƙe, an je wurin masu magani har ƙasar Bade, akuyoyi biyu suka tafi. Da girarsa ta fara zubewa, dangin matar suka zo aka raba auren, ta tafi da yarinyar.

Kada wani ya ɗauka Hausawa korar kutare suke yi zuwa daji. Kuturu yana da gurbinsa a gari. Akwai Sarkin Kutare kamar yadda ake da Sarkin Makafi, ana ba su sadaka ranar Juma'a, suna aure suna haihuwa, har ana cewa kuturu da kuɗinsa alkaki sai na ƙasan kwano. Ba wanda ya bar kakana da yunwa. Abu ɗaya aka janye masa, hannu. Mahaifiyarsa, tana kuka, ta ware masa akushi da ludayi, ta ɗora wuƙa a wuta ta yi musu shaida don kada su gauraya da na gida. Abokan da suka tashi tare, in sun haɗu sai su dunƙule hannu su jinjina masa daga nesa kamar basarake. Ya ce mini shekara biyar ya yi ba wanda fatarsa ta taɓa tasa, kuma ya ƙirga.

Lokacin yaƙin Hitila, zamanin Sarkin Haɗeja Usman, ya sayar da gorarsa da komarsa, ya taka zuwa Malam Madori ya hau jirgi. Tarago cike maƙil, amma shi ya sami wurin mutum uku. Bai taɓa kiran sansanin da ya je da sunansa ba, “can” kawai yake cewa, ni ma haka zan bar shi.

Maganin zamanin man wani itace ne na Indiya, calmugura, mai kauri kamar man kaɗanya da ya fara narkewa. Da allura ake cusa shi ƙarƙashin fata, tsira bayan tsira, wurin ya kumbura ya yi kwanaki. Inda ya mutu ba a ji, inda ke da sauran rai nan ake kuka, don haka majinyata har barka suke yi wa wanda ya yi ihu. Amfanin man kaɗan ne, likitocin ma sun sani. Sauran magani shi ne abinci, da noma, da wanke miki kullum safiya.

Wurin wanke mikin ne abin ya faru, kuma sau ɗari na ji labarin, bai taɓa sauya ko kalma ba. Mai ɗaurin miki wani saurayi ne daga duwatsun kudu, lafiyarsa garau, yatsunsa goma cif, Hausarsa a karye. Ya warware tsumman da ke ƙafar Baba Tsoho, wari ya tashi, bai toshe hanci ba. Ya riƙe ƙafar da hannu biyu ya ɗora a gwiwarsa. Da ya matsa gefen gyambon, sai ya ja iska ta haƙora ya yamutse fuska.

Baba Tsoho ya ce, “Samari, me ya same ka?”

Ya ce, “Ƙafa yana ciwo.”

“Ƙafar wa?”

“Naka.”

“Ai ni ban ji komai ba.”

“Ni na ji.”

Ba a ranar ya tuba ba, ba kuma a shekarar ba. Ya shiga ajin karatun boko ne don zaman banza ya ishe shi, littafin da ake da shi kuwa Littafi Mai Tsarki ne na Hausa da aka buga a 1932. Nasa yana wurina yanzu. Gefen takardun ya yi baƙi ya lanƙwashe, don da leɓe yake buɗa shafi in dungun ya kasa. Masu wa'azi sun ɗauka labarin Ayuba ne zai kama zuciyar kutare, suna ta maimaita shi. Baba Tsoho ya ce shi bai ga baƙo a ciki ba. Annabi Ayuba ai tun a makarantar allo ya san shi, haƙuri kuwa ba Bature ne zai koya wa Bahaushe ba, mu da muke dafa dutse mu sha romo. Abin da ya tsayar da shi ɗan gajeren labari ne a surar farko ta Markus, inda wani kuturu ya zo wurin Yesu. Ya lura cewa a wasu wuraren da magana kawai Yesu yake warkarwa, wani lokaci ma mara lafiyan yana wani gari. To me ya sa a nan sai da ya miƙa hannu ya taɓa tukuna? Baba Tsoho ya ce wanda ya rubuta wannan ya san kuturu, wanda aka rubuta a kansa kuma ya fi shi sani. Daga nan ya bi labarin har gicciye, ya tarar da hannuwa da ƙafafu da aka huda. Iyakar tauhidinsa ke nan, kuma ban ga ya ƙara komai a kai ba har ya mutu: akwai Wanda yake jin ciwon da shi ba ya ji.

A nan dole in faɗi abin da 'yan'uwana masu bi ba sa son ji. Masu cewa mishan ta yi ƙugiya da magani ba ƙarya suka yi duka ba. Wasiƙun da ake aikawa Kanada da Amurka neman taimako ba su ɓoye cewa sansanin kutare hanya ce ta shiga ƙasar Musulmi ba. Mutumin da ba shi da inda za shi, abincinsa da allurarsa suna hannunka, in ya ce ya yarda da maganarka, sai Allah ya san yawan yardar da yawan yunwar. Sai dai kuma mafi yawan majinyata Musulmi suka shiga, Musulmi suka fita, sun sha magani sun yi godiya sun koma garuruwansu. Ƙugiyar da kifi tara cikin goma suke cinye abincinta su wuce, masunci ba zai yi alfahari da ita ba.

Abin da ya fi wannan ci mini rai shi ne na yara. Can Baba Tsoho ya haɗu da Iya, wadda tata cutar ba ta yi nisa ba, hannuwanta lafiya lau. Aka ɗaura musu aure, ta haifi mahaifina. Dokar irin waɗannan wurare a lokacin ita ce a raba jariri da uwa don kada ya ɗauka. Ranar da ta haihu aka ɗauke shi zuwa gidan renon yara. Ran Lahadi bayan sujada ake fito da su, iyaye mata su tsaya bayan waya su leƙa, kowace tana ƙoƙarin gane nata. Nononta ya yi ta zuba har ya ƙafe. Yanzu an san cewa mafi yawan mutane jikinsu ba ya ma karɓar cutar, kuma wanda ya fara shan magani na ƙwarai ba ya yaɗa ta. Lokacin ba a sani ba, da kyakkyawar niyya aka yi. Amma da aka sallame su aka miƙo mata yaro ɗan shekara biyar, ya dube ta ya ƙwalla ƙara ya ruga bayan ma'aikaciyar reno. Iya ta yi shekara talatin da wani abu tana jan waƙa a zumuntar mata, ban taɓa jin ta ce wannan abu alheri ne a ɓoye ba. In aka tayar da zancen sai ta ce, “Allah ya gani,” ta tashi ta shiga madafa.

Ƙwayar dafson ce ta sallame su. Likita John Lowe ya gwada ta a Uzuakoli ta ƙasar Ibo a ƙarshen shekarun 1940, aka ga ƙaramar ƙwaya mai arha ta fi allurar man nan nesa ba kusa ba. Cikin shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta baza wuraren rabon ta a ƙauyuka, mutum ya zo ranar da aka sa ya haɗiya ya koma gonarsa, zaman sansani ya fara zama tarihi. A shekarun 1970 gwamnatocin jihohi suka karɓe asibitocin mishan. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kawo haɗin magunguna wanda yanzu yake warkarwa cikin wata 6 ko 12, kyauta ake ba da shi tun 1995, amma har yanzu a yawancin shekaru ana samun sababbin masu cutar sama da 2,000 a Najeriya, da yawansu sai sun ɓoye ta har ta taɓa jijiya. Kunyar nan ba a gama yar da ita ba.

Baba Tsoho da Iya sun dawo gida zamanin Sarkin Haɗeja Haruna, da takardar sallama a gwangwanin sigari da sabon addini. Mahaifinsa ya rasu, an raba gado, kuma ko yana nan wanda ya bar addini ba ya gado. Ƙanensa, wanda mahaifina yake kira Baffa mu ma muka bi bakinsa, shi ne na'ibin limamin ƙauyen. Bai yi masa faɗa ba, bai kuma yi masa maraba da baki ba. Ya nuna masa wata jigawa a bayan gari ya ce ya yi ɗaki, ya auna masa wani yanki na fadama ya ce, “Yaya, aro ne.” Shekara talatin da 'yan kai ba a tambayi aron nan ba. Ran Babbar Sallah cinyar rago takan zo mana. Ran Kirsimeti Baffa ne yake zuwa ya yanka mana zakara da hannunsa, don shinkafar da za a kai gidajen maƙwabta ta ciwu. Amma a tsaye yake gaisawa, daga bakin zana, hannunsa a cikin aljihun riga. Ban taɓa ganin sun yi musafaha ba.

Gida biyar ne masu bi a wannan jigawa, duk tsofaffin majinyata da 'ya'yansu. Majami'armu rumfar zana ce. Mai bishara yakan zo a keke sau ɗaya a wata in hanya ta bushe, in ruwa ya cika kuwa sai Baba Tsoho ya ja sujada. Rabin ikilisiyar ba su da yatsun tafi, sai su buga dungu a bayan ƙwarya, mata suna kaɗa tulu. Wanda bai ji wannan sauti ba, ba zan iya kwatanta masa ba.

Rayuwar fadama kuwa kowa ya san ta. Ruwa ya sauko daga ƙasar Kano wajen Agusta ya malale, a yi shinkafa, ya janye a bi danshi da wake, a kama kifi a tafkunan da ya bari, Fulani su sauko da shanu. Sai fari na 1972 zuwa 1974 ya zo, aka kuma gama madatsar Tiga a 1974, ambaliyar da ake jira kamar baƙon arziki ta rage. Daga baya aka ƙara ta Challawa a 1992, ruwa ya koma zuwa ba lokacinsa ba, kacala ta toshe hanyoyinsa, har inda gonar aron nan take yanzu sai da kwalekwale. A farin 1984 ina hutu na bi Baba Tsoho haƙar gaiwa a busasshen tafki. Ya duba tsagar ƙasa ya nuna mini wani ɗan rami, na sa fartanya, sai ga ta a dunƙule cikin wata 'yar jaka ta majinarta, da rai, wata da watanni ba ruwa, tana cin jikinta tana jira. Ni da na fara karatun littattafai na ce, “Baba, ai wannan misalin mai bi ne cikin wahala.” Ya dube ni ya ce, “Kifi ne. Miƙo kwandon.”

Ba ya son a yi wa wahala kwalliya. Na ga haka sosai ranar da wani matashin mai wa'azi ya zo daga birni, da kwat da lasifika mai batir, irin waɗanda suka fara yawa a shekarun nan suna cewa ɗan Allah ba ya ciwo ba ya talauci. Ya ga hannuwan Baba Tsoho, idonsa ya yi haske. Ya kira shi gaba, ya yi addu'a da ƙarfi har jijiyar wuyansa ta tashi, yana umartar yatsu su fito. Na lura da abu ɗaya: hannun rigar ya kama, bai kama hannun ba. Da ba abin da ya fito, ya ce akwai sauran shakka a zuciyar dattijo, ko wani zunubi da ba a furta ba. Mahaifina ya yunƙura zai tashi, Baba Tsoho ya girgiza masa kai. Ya ce, “Ɗana, sannu da ƙoƙari. Zunubi kam akwai, ba a rasa ba. Amma in tambaye ka. Da Ubangiji ya tashi daga kabari, da me Toma ya gane shi?” Yaron ya yi shiru. “To shi da ya ci nasara a kan mutuwa ma da tabonsa ya tashi, bai ji kunyar nuna shi ba. Bar mini nawa. Zo ka ci tuwo.” Ya ci, amma a kwano dabam.

Ban taɓa jin Baba Tsoho ya gode wa Allah saboda kuturta ba. Ya yi kukan 'yarsa ta fari da aka tafi da ita har tsufansa. Abin da yake cewa shi ne, da yana da lafiya Allah yana sama, shi yana kan gora, suna gaisawa daga nesa da mutunci. Da ya rasa kowa sai ya tarar an matso.

Iya ta riga shi tafiya, da sanyin hunturu, bayan zazzaɓin kwana huɗu. Dattawan jigawarmu ba mai hannun riƙe diga, samarin ƙauye ne, Musulmi, suka haƙa kabarin, suka koma gefe suka tsaya har muka gama addu'a. Da dare aka kawo tuwo daga gidaje, ba wanda ya ci na kirki. Baba Tsoho yana zaune a ƙofar ɗaki, tabarmar kaba tana naɗe a jingine da bango. Na tuna da ƙafar, na tashi neman fitila, na rasa inda Iya take ajiye ashana.

Ina cikin lalube na ji an idar da sallar lisha a masallacin ƙauye. Jim kaɗan sai ga hasken tocila yana tahowa ta cikin karan dawa. Baffa ne, da carbinsa a wuya. Ya yi sallama, ya wuce bakin zanar nan da ya saba tsayawa, ya ɗauko tabarmar ya shimfiɗa da kansa, ya zauna da ƙyar saboda gwiwa. Ya miƙo mini tocilar ya ce, “Riƙe nan, kai ka san aikin.” Sannan ya naɗe hannun rigarsa.

“Yaya, miƙo ƙafar.”

Baba Tsoho ya daɗe yana dubansa, sannan ya miƙa. Baffa ya ɗora ta a cinyarsa, ya bi tafin da yatsa, bai iya ba, yana tsallake wurare, ina nuna masa. A ƙasan babban yatsan da ya rage ya tarar da tsidau guda biyu, tun daga maƙabarta. Ya sa farce ya cire na farko, jini ya biyo.

Ya ce, “Wash. Subhanallahi. Matso da hasken.”